Ba'indiyen da ke Cikin Aljihun Mutanen Lambara

Mu mutanen Lambara, kamar sauran 'yan'uwanmu na yankin Boɗinga da Shagari, Allah ya yi mu da son sanin asalin abu. In baƙo ya sauka garinmu, kafin ya aje ƙoƙon ruwan da aka tarbe shi da shi, an riga an san ko ɗan wane ne, daga wace ƙasa ya fito, kuma me ya raba shi da gida. In sa ne aka kawo kasuwa, sai an ji garken da ya fito. In kuwa rijiya ce, ba ka rasa tsohon da zai gaya maka wanda ya gina ta, da sarkin da ke bisa gado a lokacin. Amma ga wani baƙo ya shigo mana, ya shige aljihun babba da yaro, yana kwana ƙarƙashin matashin kanmu, muna ciyar da shi da kuɗinmu kullum garin Allah ya waye, alhali kuwa ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi asalinsa. Wannan baƙo shi ne layin wayar salula. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in ba mai karatu tarihin mutumin da ya mallaki ɗaya daga cikin waɗannan layuka, watau Sunil Bharti Mittal mai kamfanin Airtel, sa'an nan in faɗi irin gardamar da labarinsa ya tayar a gidanmu.

Bari mu soma da layin kansa, domin kuwa ya sha suna kamar 'yar gata. A farkon shekarar 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gwanjon lasin na wayar salula, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285. Kafin wannan lokaci, layukan waya da ke aiki a ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba, ga mutane fiye da miliyan 100. Manyanmu sun ce ko a zamanin da ɗan ƙasarmu Alhaji Shehu Shagari yake shugaban ƙasa, tsakanin 1979 da 1983, mutumin Lambara mai son buga waya sai ya hau mota ya tafi birnin Sakkwato. Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka ci gwanjon nan shi ne Econet, na wani mutumin Zimbabuwe mai suna Strive Masiyiwa. A 2004 layin ya koma Vmobile, a 2006 ya zama Celtel, kamfanin da Mo Ibrahim ɗan asalin Sudan ya kafa. A 2008 aka raɗa masa Zain, sunan iyayen gidansa na Kuwaiti, a 2010 kuma ya zama Airtel. Suna biyar ke nan cikin shekara tara. Har gobe akwai wata gwaggona da ba ta san shi da wani suna ba sai Saltal.

To, wane ne wannan da ya raɗa masa sunan ƙarshe? An haifi Sunil Mittal ran 23 ga Oktoba, 1957, a birnin Ludhiana cikin jihar Panjab ta arewacin Indiya. Shi wannan birni ya shahara da masana'antun keke da na saƙa, a nan ne ma kamfanin kekunan Hero yake. Mahaifinsa, Sat Pal Mittal, ɗan siyasa ne, ya kuma zauna cikin babbar majalisar dokokin Indiya, ya rasu a 1992. Sunil ya yi digirinsa a ƙarƙashin Jami'ar Panjab. A 1976, yana ɗan shekara 18, ya ranci rupi 20,000 wurin mahaifinsa, ya buɗe 'yar maƙera yana ƙera ƙarfen nan da fedar keke ke juyawa a kansa, yana sayar wa masu harhaɗa kekuna na garinsu. Daga nan ya taɓa harkar zare da wasu 'yan ƙananan sana'o'i. Da ya ga wannan hanya ba ta kai shi inda yake hange, sai a 1980 ya sayar da kayan aikinsa, ya koma Bombai, wadda yanzu ake kira Mumbai, shi da 'yan'uwansa biyu, Rakesh da Rajan, suka shiga fataucin shigo da kaya daga ƙasashen waje.

A nan ne ya fara jin ƙanshin arziki. Ya ƙulla ciniki da kamfanin Suzuki na Japan, yana shigo da ƙananan janaretoci, kasuwa kuwa ta karɓe su hannu biyu, domin Indiya ta wancan zamani tana fama da ɗaukewar wuta irin wadda muka sani. Ana cikin haka sai a 1983 gwamnatin ƙasar ta hana shigo da janareta, don ta kare masu ƙera shi a gida. Dare ɗaya sana'ar da ya dogara a kanta ta mutu. Wani da haka ta same shi sai ya zauna yana zagin hukuma har ƙarshen ransa, amma shi sai ya ɗauki jakarsa ya shiga ƙasashen gabashin Asiya yana neman abin da zai maye gurbi. A Taiwan ya ga wayar tebur mai maɓallan dannawa, a lokacin da Indiya ba a san komai ba sai mai faifan nan da ake juyawa da yatsa. Ya riƙa shigo da sassanta yana harhaɗawa a gida, daga baya ya haɗa gwiwa da kamfanin Siemens na Jamus, ya yi suna da wayoyin da ake kira Beetel. Ka ji yadda maƙerin keke ya tsinci kansa cikin harkar sadarwa.

A 1992 gwamnatin Indiya ta buɗe ƙofar neman lasin na wayar salula a manyan biranenta huɗu. Aka sa sharaɗi cewa mai nema sai yana da gogewa a aikin, shi kuwa ba shi da ita, sai ya jawo wani kamfanin Faransa suka shiga tare, ya kuwa sami na birnin Delhi. A 1995 Airtel ya fara aiki a wannan birni. Abin da ya fi jan hankalina cikin tarihinsa duka shi ne dabarar da ya ɓullo da ita a 2004. A wancan lokaci kowane kamfanin waya shi ke sayen na'urorinsa, shi ke kafa su, shi ke kula da su. Mittal ya ce a'a. Ya miƙa aikin kafa na'urorin sadarwa da kula da su ga waɗanda suka ƙera su, irin su Ericsson da Nokia, ya miƙa aikin kwamfuta da lissafi ga IBM, shi kuwa ya riƙa biyansu gwargwadon aikin da na'urorin suka yi da cinikin da aka samu. Misalinsa kamar manomi ne da ya ƙi sayen shanun huɗa, ya yi jinga da mai shanu, yana biyansa bisa yawan kunyar da ya tayar. Ciwon sa da abincinsa na mai shi ne, manomi hankalinsa na kan gona.

Da wannan dabara ya rage tsadar aiki, ya kuma karya farashin kira ƙwarai, har talakan ƙauyen Indiya ya iya riƙe waya. Lissafinsa irin na mai tebur ne da ke ƙulla sukari da gishiri a 'yan ledoji: ribar kowane ƙulli ba ta taka kara ta karya ba, amma in masu saye sun kai miliyoyi, sai ka ga ƙwandala ta zama jaka. Da ya ga ya tsaya da ƙafafunsa a gida, sai ya ɗaga kai ya hango Afirka. Sau biyu, a 2008 da 2009, ya nemi haɗewa da MTN na Afirka ta Kudu, sau biyun kuma maganar ta watse. A 2010 ya sayi harkokin Zain a ƙasashen Afirka 15 kan dala biliyan 10.7, cikinsu har da Nijeriya da maƙwabciyarmu Nijar. Saboda haka ɗan Illela da ɗan Birnin Ƙonni, ko da kan iyaka ta raba su, mai yiwuwa ne ubangijin layinsu ɗaya ne.

Kada mai karatu ya zaci daga zuwa sai kwasar riba. Mafi yawan kuɗin da ya yi wannan saye da su bashi ne daga bankuna, kuma reshen Afirka ya yi shekaru da dama ana zuba masa kuɗi ba ya mayarwa. Abin da ya ci a Indiya bai ci nan da sauƙi ba, domin a can jama'a a cunkushe suke, turken sadarwa ɗaya ya wadaci dubbai, a nan kuwa garuruwa a warwatse suke, ga rashin hanya, ga darajar kuɗi tana hawa tana sauka. Daɗin daɗawa, mafi yawan turakun nan namu da man gas suke aiki, ba da wutar gwamnati ba. Duk wanda ya taɓa wucewa kusa da ɗaya da dare ya ji rurin injinsa. Ka ga ikon Allah, mutumin da aka raba da cinikin janareta a 1983, ga shi bayan shekara kusan talatin arzikinsa ya rataya a wuyan janareta. A gida ma bai huta ba, domin a 2016 attajirin nan Mukesh Ambani ya fito da layin Jio yana ba da kira kyauta, kamfanoni da yawa suka durƙushe, Airtel na cikin 'yan kaɗan da suka sha. A 2019 aka sa hannun jarin reshen Afirka a kasuwannin Landan da Legas. A 2020 ya haɗu da gwamnatin Ingila suka ceto kamfanin taurarin ɗan'adam na OneWeb, a 2024 kuma ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na BT, babban kamfanin wayar Ingila, ƙasar da ta mulki kakanninsa.

Wannan shi ne tarihin mutumin a taƙaice. Yanzu bari in dawo da kai gida, ka ga abin da hajarsa da ta abokan gasarsa ta yi mana. Kakana na wajen uwa, Allah ya jiƙansa, malami ne, kuma shi ne marubucin wasiƙar unguwarmu. Da kaka ta wuce maza sun watse cin rani, wasu Ibadan, wasu Legas, wasu har Kumasi, sai mata da tsofaffi su riƙa zuwa zaurensa yana rubuta masu saƙo da ajami, a ba direban babbar mota, a zauna jiran amsa wata ɗaya ko biyu. Sau da yawa labarin rasuwa kan iske mutum bayan an yi sadakar arba'in. Yau kuwa mai albasa kan ji farashin kudu kafin ya ɗora buhu ɗaya a mota, ɗan cin rani kan turo kuɗin cefane da hantsi a karɓa kafin azahar. Wannan alheri ne da ba mai musunsa sai butulu. Amma akwatin takardun kakana yana nan a ɗakin Inna, gara na ci, kuma cikin jikokinsa ba wanda aka taɓa roƙo ya rubuta wasiƙa. Yadda muka dogara da abin kuwa ya fito fili a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda matsalar 'yan bindiga. Mutanen waɗannan wurare sai da suka riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su ji muryar nasu.

Da na je hutu na kwashe wannan tarihi duka na kai wa kawuna, wanda ya shekara fiye da talatin yana gyaran keke a bakin hanyar da ta ratsa garinmu. Na ce masa, "Kawu, ashe mai layin nan da ke aljihunka abokin sana'arka ne, da ƙarfen keke ya fara." Bai ɗago kai daga tayar da yake yi wa faci ba, sai ya ce, "To, ɗan boko, shi ubanai mi shika yi?" Na ce ɗan majalisa ne. Ya ce, "Kuɗɗin da yat tashi da su fa, wa ab ba shi?" Na ce mahaifinsa ne ya ranta masa. Sai ya yi dariya har ya aje tayar, ya ce, "Ni da nit tashi sana'a, sufana biyu da guduma ubana yab ba ni, su ma aro na. Kak ka haɗa ni da shi."

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma na ga Kawu yana da gaskiya babba. Masu ba da labarin attajirai sun cika son su nuna mana cewa daga ƙasa suka taso, da guminsu kaɗai, don mu ɗauka duk wanda bai yi arziki ba lalacinsa ne. Alhali rupi 20,000 a 1976 ba kuɗin wasa ba ne. Bayan wannan, yaron ya buɗe ido ne a garin da ke da masana'antu, da wutar lantarki, da bankuna, da masu sayen abin da ya ƙera a ƙofar gida. Ɗan babban gida ne wanda in ya shiga ofis ana ba shi kujera. Kawu kuwa ya san cikin keke kamar yunwar cikinsa, in ka rufe masa ido zai warware shi ya mayar, amma bai taɓa ƙera ko ƙusa ɗaya ba, domin ba ƙarfe, ba wuta, ba mai ba shi rance. Kowane ɗan ƙarfen da ya taɓa ɗaurawa daga Indiya ko Sin ya zo. Da babur ya shigo, shi ma galibi ƙirar Indiya, 'yan kabu-kabu suka cika hanya, sai cinikin keke ya ja baya, Kawu ya tsufa tare da sana'arsa.

Duk da haka ban bar masa filin duka ba. Na ce masa 'ya'yan 'yan majalisa nawa ne a Indiya, da nan ƙasar ma, waɗanda aka ba abin da ya fi wannan suka cinye a banza? Gata na iya kai mutum bakin kogi, amma iyo nasa ne. Akwai halaye biyu na mutumin nan da ba su bukatar uba ɗan majalisa. Na farko, bai auri haja ba. Keke ya bari, zare ya bari, janareta aka ƙwace masa, wayar tebur ta tsufa, kowane lokaci yana duban inda bukatar mutane ta nufa ya riga su isa. Na biyu, bai ji kunyar cewa bai iya ba. Duk matakin da ya taka, sai da ya nemo wanda ya fi shi sani, Bajapane ko Bajamushe ko Bafaranshe, ya raba riba da shi. Mu kuwa sau da yawa mun gwammace mu mallaki kan akuya mu kaɗai da mu yi tarayya a kan raƙumi.

Abin da ya sa wannan gardama ta dame ni, ya wuce son cin nasara a kan Kawu. Ƙanena ya gama sakandare, kuma ƙarfin gidanmu ba ya ɗaukar ɗalibi biyu a jami'a. Ni aka zaɓa don na riga shi, shi kuwa an yanke shawarar a kai shi birni ya koyi gyaran waya. Ran da zan komo makaranta ya raka ni bakin hanya, ya ce, "Yaya, kai ka karanta Hausa, ni in gyara waya, mu ga wanda zai fara yi wa Inna rufin kwano." Da wasa ya faɗa, amma har yau maganar tana kwana da ni. Tsorona shi ne kada ya zama Kawu na biyu, gwanin gyaran abin da wasu suka ƙera, har ran da za a daina yayinsa. Tsorona na biyu kuwa ni kaina ne, domin duk wanda ke wannan sashe namu ya sha tambayar nan ta 'yan'uwa: kai da aka haifa cikin Hausa, me za ka ci da digirin Hausa?

Amsar da na samu, daga tarihin Ba'indiyen nan na same ta. Shi ya yi arziki ne don ya ga abin da talaka ke bukata wanda manya suka raina. To, ga wata bukata a gabanmu. Inna tana da waya, amma wayar da Turanci take yi mata magana. In saƙon banki ya shigo sai ta nemi yaro ya karanta mata, sirrinta ya zama na unguwa, kuma ta wannan ƙofa ce 'yan damfara ke shiga su yashe tsofaffi. Mata irinta miliyoyi ne daga nan har Agadas. Turke da na'ura ana iya shigo da su daga Indiya, amma Hausar da za ta shiga kunnen tsohuwar Lambara ba ta zuwa cikin jirgin ruwa. Manyan kamfanonin duniya sun fara gane haka. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da na'urarsa ke fassarawa, kuma shi ma tun 2015 wani haifaffen Indiya ne ke shugabancinsa, Sundar Pichai, kamar yadda Satya Nadella ya karɓi Microsoft a 2014. Duk wanda ya gwada irin wannan fassara ya san akwai sauran aiki, musamman in aka zo ga karin magana ko karin harshen Sakkwato. Wa zai yi wannan aiki in ba mu ba? 'Yan'uwanmu masu juya finafinan Indiya zuwa Hausa sun riga sun nuna cewa harshe haja ne, ana kuwa sayensa.

Saboda haka ina kira ga 'yan wannan ƙungiya tamu, kada mu tsaya ga shirya wasan kwaikwayo da bikin kalankuwa kaɗai, ko da yake su ma suna da amfaninsu. Mu ƙulla zumunci da 'yan sashen kwamfuta, su koya mana nasu mu koya masu namu. Mu zauna mu tsara kalmomin waya da na banki da na asibiti yadda mutumin ƙauye zai fahimta. Mu tattara takardun ajami da ke ruɓewa a ɗakunan iyayenmu, mu ɗauki muryoyin tsofaffi tun suna raye. Abin da Kawu ya rasa kuwa, watau wuta da jari da masana'anta, wannan haƙƙi ne da za mu ci gaba da nema wurin waɗanda muke zaɓa, ba tare da gajiya ba. Ni dai na yi wa ƙanena alkawari, in ya iya cikin waya ni kuma na iya bakinta, za mu buɗe shago ɗaya. Masu iya magana sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haza wasalam.